Yadda Ake Fitar da Man Ganyen Lemun Tsami a Gida, da Yadda Ake Amfani da Shi Lafiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya a kan man ganyen lemun tsami ta yi yawa, daga Garwa, daga Marwa, har daga Kuseri da Njamena. Galibin masu tambayar mata ne masu haɗa sabulu da humra da turaren wuta, sai kuma 'yan lambu da ke ganin ganye na zuba a banza duk sa'ad da suka yi wa itatuwansu aski. Kusan bakinsu ɗaya: mun tafasa ganye, gida ya gauraye da ƙamshi, amma mai bai fito ba, ina kuskuren yake? To ai ƙamshin da ya gauraye gidan shi ne man, ya bi tururi ya tafi. Aikin duka bai wuce a tare tururin nan a sanyaya shi kafin ya tsere ba, shi ya sa za ku ga na fi daɗewa a kan ruwan sanyaya.

Ku riƙe abu biyu tun yanzu. Man da ke fita kaɗan ne ƙwarai: kilo ɗaya na ɗanyen ganye yakan ba da mililita 2 zuwa 5, wato ƙaramin cokalin shayi ma da ƙyar yake cika. Na biyu, ba a shan sa, ba a kuma shafa shi zalla.

1. Tantance itacen

Ku tsinki ganye ɗaya ku ɗaga shi ga rana. Za ku ga ƙananan ɗigo masu haske birjik a jikinsa, kamar an bi shi da tsinin allura. Kowane ɗigo 'yar jakar mai ce. Ku murje ganyen a yatsa ku sansana. In ƙamshin ya bugi hanci nan take, itacen ya isa a yi aiki da shi.

Iri biyu muke gani a nan. Akwai ƙaramin lemun tsami mai siririn ɓawo, wanda ya cika kasuwanninmu, masana na kiran sa Citrus aurantiifolia. Akwai kuma babban mai kaurin ɓawo da ke yin ɗorawa in ya nuna, wato Citrus limon. Duka biyun suna ba da mai mai kyau, kuma manyan sinadaransu ɗaya ne: limonin, wanda shi ne ke cike da ɓawon lemu, da sitiral, wanda ke ba ciyawar shayin nan ta sitironel ƙamshinta. Sau da yawa su biyun sun haura rabin man, sauran kuma 'yan ƙananan sinadarai ne da ke tausasa ƙamshin. Sitiral shi ne ƙarfin man wajen kashe ƙwayoyin cuta, shi ne kuma ke ƙona fata idan ya yi yawa.

Gargaɗi: kada a haɗa iri biyu a tukunya ɗaya, kada kuma a cakuɗa da ganyen lemun zaƙi. Idan itacen na aure ne, wato wanda aka ɗora reshen wani iri a kan gindin wani, irin waɗanda ake samu daga masu dashe ko daga gonar IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru, da ke Kismatari kusa da Garwa, ku lura da tohon da ke fitowa ƙasa da wurin auren. Wannan na gindin da aka ɗora a kai ne, wani iri ne daban, ƙamshinsa ma daban. Ku sare shi ku yar.

2. Kayan aiki da abin da za su ci

Tukunya ce farko. Ga mai gwaji, tukunyar firesha mai lita 10 ta wadatar, don murfinta na kullewa kam, kuma tana da ƙofar tururi a shirye. Mai son ya yi da yawa sai ya nemi tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lita 30, ya kai wa mai walda ya huda murfin ya sa masa bakin da bututu zai shiga. Tukunyar da ta daɗe tana dafa miya da kifi ba ta yi ba, warin zai bi man.

Sai raga da za ta ɗauke ganye daga ruwa. Faranti mai huji-huji a kan duwatsu uku masu tsafta ya isa. Wadda take da madambacin ƙarfe da ya hau bakin tukunyarta daidai ta huta, shi ne ma ya fi.

Sai bututun tagulla, mai faɗin milimita 8 ko 10, tsawon mita 3 ga ƙaramar tukunya, mita 5 ga babba. A wurin masu sayar da kayan gyaran firji ake samun sa, da mita ake awo. A nan ne kuɗin zai fi tafiya, kuma da yake kayan da yawa ta Mubi da Yola suke shigowa, farashin na motsi da canjin naira. Ku tambayi shago biyu ko uku kafin ku biya.

Gargaɗi: sabon bututu za ku saya. Wanda aka ciro daga mataccen firji ko na'urar sanyaya ɗaki yana da ragowar man inji da gas a ciki, wanki ba ya fitar da su duka. Ku kuma gaya wa mai walda a fili kada ya yi liƙi da dalma, guba ce.

Sauran kayan ba su da tsada: bokiti mai lita 20 ko durom mai lita 200, mazurari da guntun tiyo, kwalaben gilashi masu siririn wuya guda uku ko huɗu, sirinji sabo, ƙananan kwalabe masu duhu na ajiya, da ɗan garin alkama ko na rogo don liƙi. Wuta kuwa gas ya fi, don ana iya rage shi a ƙara yadda ake so. Tulun gas mai kilo 12.5 a farashin hukuma sefa 6,500 ne a Kamaru, kilo ɗaya ya kama sefa 520 ke nan, kuma ƙaramar tukunya ba ta cinye kilo ɗaya a zama guda. Gawayi ma yana yi. Itace ne ban so ba, wutarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya, hayaƙinsa kuma yana shiga kwalbar tara.

3. Naɗe bututu da haɗa shi

Ku toshe baki ɗaya, ku ɗura busasshen yashi mai laushi har bututun ya cika, ku toshe ɗaya bakin. Yashin ne zai hana shi lotsewa. Sai ku naɗe shi a hankali a jikin gwangwanin madara babba, zagaye bisa zagaye, ku bar kimanin rabin mita a miƙe ta sama, ɗan taƙi guda ta ƙasa. Ku zazzage yashin tas.

Abin lura a nan ɗaya ne: kowane zagaye ya gangara ƙasa da na samansa. In akwai inda ya ɗago, ruwa zai kwanta a wurin, tururi ya riƙa tunkuɗo shi da ƙarfi, mai kuma ya maƙale. Ku gwada da zuba rabin kofin ruwa ta sama. In ya fita duka ba tare da an karkata ba, naɗin ya yi.

Ku huda bokitin ta gefe, kusa da gindi, ku fitar da bakin ƙasa, ku liƙe kewayen hujin da roba ko gam mai riƙe ruwa. Bakin sama kuma ya haɗu da murfin tukunya. In tukunyar firesha ce, a cire nauyin nan da ke kan murfi mai yin fito, a haɗa bututun da ƙofar. Tagulla da ƙarfe kai tsaye ya fi. In dole sai da tiyo, a nemi na silikon, gajere. Tiyon ban ruwa ba ya jure tururi, kuma limonin na cin roba, sai man ya fito da warinta.

Kafin ganye ya shiga, a wanke cikin bututun da ruwan lemun tsami da gishiri, a ɗauraye, sannan a tafasa ruwa zalla minti 20 tururi ya ratsa. A nan za ku ga duk inda ke yoyo.

Gargaɗi: bakin bututu na ƙasa a buɗe yake zama ko da yaushe. Kada a toshe shi, kada a cusa shi cikin kwalba a liƙe. Tukunya a kan wuta babu mafitar tururi fashewa take yi.

4. Tsinkar ganye

Da safe ake tsinka, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta yi zafi. A zaɓi ganyen da ya ƙosa, kore shar. Wanda ya yi rawaya, wanda tsutsa ta zana wa farin layi, da wanda baƙin ƙura mai danƙo ta rufe, duk a bar su. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an gama cire 'ya'ya, sa'ad da dama za a yi wa itacen aski. Kada a kwashe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen itace ɗaya, in ba haka ba baɗi ba zai yi 'ya'ya yadda ya saba ba. A sa riga mai dogon hannu saboda ƙaya, a kuma wanke hannu da sabulu in an gama, domin ruwan lemu da na ganyensa in ya zauna a fata rana ta doke shi yana barin baƙin tabo, wani lokaci har da ƙuna.

Gargaɗi mafi girma a wannan mataki: ku tambayi mai lambu ko ya yi feshi. A yankinmu na auduga maganin ƙwari ba ya wuyar samu, kuma wasu na fesa ragowarsa a kan lemu da kayan miya. Wasu magungunan suna bin tururi. Ganyen da ba ku da tabbacin sa, ku haƙura da shi.

In an kawo gida, a ɗauraye ƙura, a baza a kan tabarma a inuwa ya kwana ɗaya ya sha iska. Ya ɗan yi laushi kawai ake so. Shanya a rana na kwashe man, barin sa a ƙulle cikin leda ko buhu kuma na sa ya yi zafi ya fara ruɓewa. Yanka shi gida biyu ko uku sai lokacin da za a zuba a tukunya, ba tun da dare ba.

5. Loda tukunya

Ga tukunya mai lita 10, a zuba ruwa lita 3, a dasa raga sama da ruwan, a ɗora ganye kimanin kilo ɗaya. Ga mai lita 30, ruwa lita 6 zuwa 7, ganye kilo 3 zuwa 4. A danna ganyen da tafin hannu daidai wa daida, musamman ta gefe-gefe. Tururi hanya mai sauƙi yake bi, in ya samu rami a gefe ta nan zai wuce ya bar tsakiya ɗanye. Kada kuma a danƙare shi har tururin ya rasa hanya.

A bar sarari kamar faɗin tafin hannu tsakanin ganye da murfi, a shimfiɗa ɗan ƙyallen auduga mai tsafta ko raga a sama a danne gefensa, don kada ganye ya tashi ya toshe ƙofar tururi. A rufe. In murfin ba mai kullewa ba ne, a kwaɓa gari da ruwa ya yi tauri, a liƙe bakin kewaye yadda ake liƙe madambaci. Zafi zai gasa ƙullun ya kame.

6. Wuta da ruwan sanyaya

Limonin shi kaɗai sai zafi ya kai digiri 176 yake tafasa, sitiral kuwa sai ya haura 220. Amma in tururin ruwa ya ratsa ganye, yakan fasa 'yan jakunkunan nan ya ɗauki man ya tashi da shi a ƙasa da digiri 100. Saboda haka babbar wuta ba ta ƙara komai. Abin da ake bukata tururi ne mai tafiya a natse.

A cika bokiti da ruwan sanyi har ya rufe naɗin duka kafin a kunna wuta. A fara da wuta mai ƙarfi har bututun sama ya yi zafin da ba a iya taɓawa, alamar tururi ya iso ke nan, sai a rage. Ba da jimawa ba ɗigon farko zai faɗo a kwalba, fari-fari, da ƙamshi mai ƙarfi. Daga nan ake fara ƙirga lokaci. A daidaita wuta yadda ruwan zai riƙa ɗiga da sauri-sauri, ko ya zubo siriri, kimanin rabin lita zuwa lita ɗaya a awa ga ƙaramar tukunya.

Yanzu ga lissafin da mutane da yawa ba sa yi. Duk lita ɗaya ta tururi da ta koma ruwa tana sakin zafin da zai ɗaga bokiti mai lita 20 da kimanin digiri 30. Wato in kun fara da ruwa mai digiri 28, kafin lita ta farko ta taru a kwalba bokitin ya doshi 60, kuma daga nan tururi zai fara fita ta bakin ƙasa yana tafiya da man. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40, ruwan famfo da na tanki da ɗuminsa yake zuwa, abin ya fi haka muni. Shi ya sa na fi son a yi wannan aiki da hunturu, ko da asuba, da ruwan da ya kwana a randa.

Hanya biyu ce. Mai durom mai lita 200 ya huta, domin lita 3 ta tururi ba za ta ɗaga shi da fiye da digiri 10 ba. Mai bokiti kuwa sai ya tsaya a kai. Ruwan zafi sama yake hawa, don haka a riƙa kwashe na sama da moɗa, a zuba na sanyi ta mazurari da tiyon da ya kai gindin bokitin. Wanda ya zuba ruwan sanyi ta sama kawai ya gauraya su ne, bai sanyaya yadda ake so ba. A tanadi aƙalla lita 60 a gefe. Ruwan da aka kwashe bai ɓaci ba, ya yi wanki ko ban ruwa in ya huce. Ƙanƙara na taimakawa in akwai, amma ba dole ba ce.

Yadda za ku san kuna kan daidai: ku tara bayan hannu a bakin bututu. Ɗigon ya zama mai sanyi, ko ɗumin da bai kai na jiki ba. In ya yi zafi, ko kun ga hayaƙin tururi a bakin, ko kun ji tsakar gida ta cika da ƙamshi, to asara ake yi. A rage wuta nan take, a canja ruwa, a duba liƙin murfi.

Awa 2 zuwa 3 daga ɗigon farko ya isa. Galibin man a awa ɗaya da rabi na farko yake fita. A cika kwalba har wuya sannan a canja wata, a jera su bi da bi. In kwalba ta ƙarshe ba ta nuna zoben mai a wuya ba, an gama.

Gargaɗi: kada abin da aka tara ya wuce kashi biyu cikin uku na ruwan da aka zuba. In kun zuba lita 3, ku tsaya a lita 2. Tukunya in ta ƙafe ganye zai ƙone, kuma warin ƙauri in ya shiga mai ba ya fita. Man yana kama wuta, don haka kwalbar tara ta yi nesa da murhu, yara kuma su yi nesa da wurin gaba ɗaya. Bayan an kashe wuta a bar tukunya ta huce kafin a buɗe.

7. Raba mai da ruwa

A rufe kwalaben a bar su a tsaye su kwana a wuri mai duhu. Da safe za ku ga man ya taru a wuya, garai-garai, fari ko mai ɗan ruwan ɗorawa, domin ya fi ruwa rashin nauyi. Amfanin siririn wuya ke nan: mililita 3 a faffaɗan kwano ba ta ko ganuwa, amma a wuyan kwalba tana yin kaurin da sirinji zai kama. A zuƙe a hankali, a juye a ƙaramar kwalba, a wanke sirinjin nan da nan don man na kumbura baƙar robar da ke ciki.

Dole ɗan ruwa ya biyo, kuma ruwa na saurin ɓata mai. In akwai firiza, a sa kwalbar ta kwana, ruwan zai daskare a gindi, sai a tsiyaye man. In babu, a soya gishiri a busasshen kasko, a bar shi ya huce, a jefa ɗan kaɗan a ciki ya tsotse ruwan, gobe a tsiyaye. In man ya fito da launin kore ko shuɗi, bututun ne bai wanku ba, wannan kada ya taɓa fata.

Ruwan da ya rage ma yana da ƙamshi. Ya yi yayyafa wa tufafi wajen guga, ko goge ɗaki, ko kwaɓa sabulu. Ba ya daɗewa a zafinmu, a sa shi a firji a ƙarar cikin 'yan makonni, in ya yi yauƙi ko ya canja wari a zubar.

8. Ajiya

Kwalbar gilashi mai duhu, ƙarama, a cike har kusa da baki, murfi a ɗaure. Iska da haske da zafi suna sauya limonin ya koma sinadaran da ke haddasa ƙaiƙayi da borin fata, saboda haka tsohon mai ya fi sabo cutarwa. A rubuta ranar da aka yi shi da irin itacen a jiki. A firji zai kai shekara. In babu firji, a sa kwalbar a gwangwani a ajiye a gindin randa, a ƙarar cikin wata shida. In ya yi kauri, ko ƙamshin ya koma na fenti, ya tashi daga na jiki ya koma na goge ƙasa. Kada a zuba shi a tsohuwar kwalbar maganin yara da takardarta ke jiki, kada kuma a bar shi inda hannun yaro zai kai.

9. Sirkawa da amfani

A nan nake roƙon ku ku natsu, don a nan ake cutuwa. Shayin ganyen lemu da iyayenmu ke dafa wa mai mura ganye biyar ne ko shida a tukunya. Cokali ɗaya na wannan mai kuwa ganyen kilo guda ne ko fiye aka tattara wuri ɗaya.

Ma'aunin fata shi ne kashi 1 cikin 100, kada a wuce. Ɗigo 20 kimanin mililita ɗaya ne, don haka ɗigo ɗaya a ƙaramin cokali ɗaya na man kaɗanya da aka narkar, ko man riɗi, ko man kwakwa. Ga fuska ko mai laushin fata, ɗigo ɗaya a cokali biyu. Kafin a shafa ko'ina, a ɗan goga a cikin dantse a jira kwana biyu. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, man bai karɓe ku ba. Ba don wasa ba Tarayyar Turai tun 2003 ta sa limonin da sitiral cikin sinadaran ƙamshi da dole a rubuta sunansu a jikin kayan shafa, saboda masu borin fata.

Me aka tabbatar game da maganinsa? A ɗakin gwaji, man ganyen lemu da sitiral ɗin da ke cikinsa suna hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, irin Staphylococcus aureus mai kawo maruru, da wasu nau'o'in fumfuna, ta hanyar lalata fatar da ta lulluɓe ƙwayar. A nan Kamaru ma masu bincike sun gwada man ganyen ƙaramin lemun tsami a kan fumfunar da ke sa wa ganyen lemu da 'ya'yansa tabo, ya kuma hana ta girma. Amma waɗannan gwaje-gwaje a faranti aka yi su, ba a jikin majiyyata ba. Don haka wurin man shi ne sabulu, man shafawa, ƙamshin ɗaki, da tausar gajiya. Makero a kan yaro, gyambo, ko ƙurjin da ke ruwa, asibiti za a kai. Kada a ɗiga shi a buɗaɗɗen ciwo, ko a ido, ko a kunne, ko a al'aura.

Ga sabulu, mililita 10 a kilo ɗaya na mai ta isa, a zuba a ƙarshe sa'ad da kwaɓin ya fara kauri. Ga humra da turaren wuta, ɗigo kaɗan a kan sandal ko wani turare mai nauyi, don shi kaɗai ba ya daɗewa. Ga mai toshewar hanci, babba, ɗigo ɗaya a hankici a riƙa sansanawa daga nesa. Mai asma ya bar shi.

Batun sauro: ƙamshin na korar sa, amma na ɗan lokaci ne, da ya bushe shi ke nan. Kada a rikita shi da man turaren yukaliftus mai ƙamshin lemu da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta amince da shi a 2005, wannan wani itace ne daban. Man nan ba ya maye gidan sauro, ba ya maye maganin rigakafin da ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar da damina a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru tun 2016. Zazzaɓi in ya zo, a je a yi gwajin jini. Haka masu tambaya a kan ƙwarin wake: yana kashe su a rufaffiyar kwalba, amma man da zai tsare buhu guda ya fi ƙarfin tukunyar gida. Buhun nan mai ruɓi uku, wanda asalin bincikensa a Marwa aka yi shi tare da jami'ar Purdue ta Amurka, ya fi araha ya kuma fi tabbas.

Gargaɗi: mai ciki, mai shayarwa, da yaro ɗan ƙasa da shekara shida, a nisanta su da shi. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin in man ya sarƙe shi ya shiga huhu ya fi haɗari. A ɗauke shi da kwalbar a tafi asibiti. In ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsafta minti 15. In ya zuba a fata zalla, a goge da man gyaɗa sannan a wanke da sabulu.

10. Lissafi, sayarwa da wanke kaya

Ku sami littafi ku riƙa rubuta nauyin ganye, watan da aka tsinka, awannin wuta, da mililitar da ta fito. Da shi za ku gane itacen da ya fi ba da mai da lokacin da ya fi. Lissafin kuɗi kuma mai sauƙi ne: kuɗin ganye da gas da kwalba a raba da mililitar da aka samu. Da ƙaramar tukunya za ku ga kwalba ɗaya mai mililita 10 tana cin zama biyu zuwa biyar, wato ta amfanin gida ce. Ciniki sai da babbar tukunya, da durom, da ganyen aski da ba saye aka yi ba. Mai lambu da mai sabulu in suka haɗa hannu, nan ne abin ke biya.

Wanda zai sayar kada ya rubuta cewa yana warkar da cuta kaza, ya rubuta sunan itacen, da rana, da cewa ba a sha. Wanda kuma yake son sanin adadin sitiral da limonin da ke cikin nasa, sai ya nemi masu bincike, irin na makarantar kimiyyar sarrafa amfanin gona ta ENSAI da ke jami'ar Ngaundare, inda aka daɗe ana aiki a kan man tsirrai. Mai saye ma yana da gwajinsa: ɗigo ɗaya a farar takarda. Na gaskiya yakan bushe cikin yini ya bar ɗan alama kaɗan ko babu, wanda aka sirka da man gyaɗa kuwa tabon maiƙo zai zauna.

Da an gama aiki a kwashe dafaffen ganyen a kai ramin taki, a wanke tukunya, a tafasa ruwa zalla minti 10 tururi ya wanke bututun, a rataye shi bakinsa ƙasa ya tsane. In ya bushe a toshe bakin biyu da auduga, don zanzaro na son gina ɗaki a ciki, kuma toshewar da ba a gani ba ita ce mafi haɗari a zama na gaba. Kafin kowane sabon aiki a hura bututun da baki a tabbatar iska na wucewa.